Jirginka Ba Kaskon Turare Ba Ne

Zuwa ga Yayana Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima, ya yalwata maka makwanci. Mu nan Riyad lafiya lau, sanyi ya shigo, kasuwar Batha kuma tana nan yadda ka bar ta: mai saye yana kuka, mai sayarwa yana kuka, gobe kuma dukansu za su dawo. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma akwai masu leƙen ta ta bayan kafaɗata, su kam za ta isa gare su. To bismilla, kowa ya gyara zama.

Dalilin rubuto maka albishir ne. Yaya, ashe muna zaune da masu basira ba mu sani ba. Abin da ya dame ni wata da watanni, wato yadda za a kare fentin jirginka daga zafin wuta, 'yan garinmu sun warware shi a zama ɗaya, tsakanin shinkafa da shayi. Maganin kuwa har sai da na ji kunyar kaina don sauƙinsa: kada a hura wutar. Shi ke nan. Jirgin da ba a hura masa wuta ba, fentinsa ba zai ƙone ba har a tashi duniya. Ka ga tunani? Da irin wannan sai a kare takalmi daga tsufa, a daina tafiya. Allah ya ƙara basira, ya kare ta daga baki.

Ba su tsaya nan ba, ai mai basira ba ya rowa. Za a yi masa akwatin gilashi. Habu tela zai ɗinka masa shimfiɗar karammiski. Za a saka jan ƙwan lantarki a murhunsa don ya yi kamar yana ci. Sai babbar dabarar, wadda mai ita ya faɗa yana waige-waige don a yaba: a riƙa jefa turaren wuta ta bututun hayaƙinsa in baƙi sun zo. "Ka ga har hayaƙi zai yi, mai ƙamshi ma!" Aka yi ta kabbara. Jirgin da ka ƙera don ya ja mutane, Yaya, za a mai da shi kaskon turare.

Bari in koma baya kaɗan saboda waɗanda ba su san ka ba, kai kuma ka yi haƙuri da jin abin da ka riga ka sani.

Kai ne ka riga ni zuwa ƙasar nan, kana aikin juya ƙarfe a wata warsha, wato gidan aikin ƙarfe, a unguwar Sulay. Ni na biyo ka daga baya, na samu tsayuwa a shagon fenti a Batha, inda har gobe nake rantse wa mutane cewa wannan gwangwanin ya fi wancan. Babanmu ma'aikacin reluwe ne a Zariya, mai zuba gawayi a kan jirgi, tun zamanin da jirgi ke tafiya da tururi. Kai ka yi wayo ka gan shi a bakin aiki. Ni abin da na tsinta kaɗan ne. Shi ya sa da ka fara tara guntayen ƙarfe da tagulla a kusurwar warsha kana cewa kan jirgin Baba za ka ƙera, ƙarami, na gaske, mai cin wuta, na ɗauka zafin Riyad ne ya fara taɓa ka.

Shekaru ka yi kana abu ɗaya. Juma'ar kowa ta hutu ce da wanki da kiran gida, taka ta jirgi ce. Da ya kammalu, tsawonsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba, amma sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga shi. Ka haɗa masa dogo guntu-guntu da ake jerawa a kwashe, da ɗan benci mai ƙafafu da yake ja. Ba ka yarda ya sha ruwan famfo ba, ka ce gishirinsa zai toshe masa ciki, sai ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda kake tarawa a jarka kamar mai tara zuma.

Na ga ranar da ya fara tafiya a filin bayan warsha, tsirara, ko ɗigon fenti babu. Kai da furfurarka, ka ɗare benci, gwiwoyinka a kunnuwanka, kana jan igiyar usur kana dariya. Isuhu, Badamagaren nan abokin aikinka, yana bin ka a guje da bokitin ruwa. Da ka sauko na ce maka ya yi kyau, a kai shi falo a ajiye. Ka harare ni ka ce, "Salisu, ni ba abin kallo nake ƙerawa ba. Ranar da ya daina tafiya, a kai shi bola." Sannan ka shafa gabansa ka ce, "Ni ƙarfe na sani. Fenti naka ne."

Ba ka jira ka ga fentin ba. Ciwon kwana kaɗan, sai ga mu a maƙabarta.

To, ga wanda bai taɓa ganin kan jirgi mai gawayi ba, ga yadda yake. A baya akwai murhu. A tsakiya akwai doguwar tukunyar ruwa. A gaba kuma akwai wata 'yar ganga mai zagayayyar ƙofa, bututun hayaƙi a kanta. Ita kake kira ɗakin hayaƙi. Duk zafin da ya ratsa tukunya bai ƙare ba, nan yake taruwa kafin ya fita. Tukunya tana da ruwa a ciki mai rage mata zafi, tana da riga a waje. Ɗakin hayaƙi ba shi da ko ɗaya, ga shi kuma shi ne fuska, shi ido ke fara sauka a kai. Wurin da ya fi ko'ina shan wuya shi ne wurin da kowa ke so ya ga yana ƙyalli. In ka ce na tuna da wasu mutane masu iƙama, takardar izinin zaman ƙasar nan, a aljihu, ban musa ba.

Bayan rasuwarka na ɗauki aikin da ka bar mini. Na zaɓo fentin mota, mai kyan gaske, ba irin wanda nake tura wa masu gaggawa ba. Kore a jikin tukunya, ja a ƙafafu, baƙi wuluk a fuska. Na goge shi har sai da na ga haƙorana a ƙofar ɗakin hayaƙi. Da Sallah ta zo, 'yan garinmu suka kama wurin shaƙatawa a bayan gari kamar yadda aka saba, na ce a zo a ga jirgin Garba da sabuwar riga.

Isuhu ya hura wuta, tunda shi ya saba ganin yadda kake yi. Tururi ya fara tashi, mutane suka matso. Can sai wani wari ya bugo. Na duba fuskar jirgi, sai na ga fentin yana tasowa ƙuraje-ƙuraje kamar ƙosai a cikin mai. Kafin a ce haka ya fara fashewa, yana naɗewa, yana zubowa a kan dogo. Waɗanda suka matso suka ja baya. Sai Habu tela, wanda Allah bai taɓa ba shi abin da zai haɗiye ba, ya ce, "Salisu, wannan fentin na shagonku ne? Don in san inda ba zan saya ba." Wuri ya kece da dariya. Ni ma na yi, ai ɗan kasuwa ba ya bari a ga cikinsa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Alhaji Mudi. Ya juya baya, ya daɗe yana kallon katanga.

Ba zan ɓata Alhaji Mudi a gabanka ba, ko da ina so ba zan iya ba. Shi ne babbanmu a nan. Shi ya tarbe ka ranar da ka sauka, shi ya tarbe ni. Shi ya yi ta zirga-zirgar takardun asibiti, shi ya yi maka wanka da hannunsa. Zaman shinkafa da shayin nan da na ba ka labari a falonsa aka yi, akwatin gilashi kuma shawararsa ce. Maganar turare ba tasa ba ce, wannan kam ya fi ƙarfin ta. Shi abin da ya gani ranar Sallah ba fenti ba ne. Gani ya yi abu ɗaya tak da ka bari yana ƙonewa a hannun mai sayar da gwangwani.

Ana cikin haka labari ya kai kunnen mudir, wato manajan warsharku. Ya kira Isuhu ya ce kusurwar nan ana bukatar ta, wuta kuma mamnu'u, wato an hana, kafin wata ya mutu a kwashe. Ka ga hanya ta zama biyu ke nan. Ko falon Alhaji, ga sanyi ga kafet, da sharaɗin ba wuta har abada. Ko ɗakina na Batha, hawa na sama, inda mu uku muke kwana, in ɗaya zai juya sai ya nemi izinin sauran.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ni kuwa na sayi samfefa.

Na kankare fuskar nan har sai da ƙarfenka ya fito fari. Na ɗauko fentin salansa, wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa yana jure zafi. Ni da kaina na sha karanta wa masu saye wannan rubutun da murya mai daɗi. Na fesa shi da kauri, don mun saba mai saye yana son ya ga kauri. Muka hura wuta a wani kango, ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Ashe shi ba ya son kauri, ba ya kuma son a kai shi wuta gaba ɗaya, sai an gasa shi sannu-sannu. Gwangwanin ya faɗi haka, amma a can ƙasa, da ƙananan haruffa, inda mu 'yan kasuwa muke ɗora babban yatsa.

Na sake kankarewa. Na cire ƙofar na naɗe ta a jarida, na kai wa mai gasa mana gurasa a bakin layi, na ce don Allah ya ɗan sa mini ita a gefen tanderu. Ya buɗe jarida, ya dube ni, ya dubi layin masu jiran gurasa, ya nuna mini hanya da sandar da yake zaro gurasar. Ban ga laifinsa ba. Na koma na gasa ta da na'urar hura zafi ta shago, kaɗan-kaɗan, ina yi ina tsayawa in sallami mai saye.

Wannan karon ya riƙe, sai dai ƙasan ƙofar, nan ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka. Isuhu ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya yago 'yar takarda ya kai bakin ƙofar, sai ga takarda ta manne. Ashe iska ce ke shiga ta nan. Garwashin da ke tsallakowa daga murhu ya taru a ciki, iska ta same shi, sai ya kama ci. Wato murhu na biyu muke hurawa a inda ba a gina don wuta ba. Isuhu ya gyara zaman ƙofar har ta daina shan iska, muka kuma koyi cewa duk tafiya sai an buɗe an kwashe tokar. Ni ma na zura zanen hana zafi, irin wanda ake naɗa wa salansa, a ƙarƙashin rigar tukunya, na bar ɗan tsakani kamar kaurin ashana tsakanin kore da baƙi, na rufe da zoben tagulla.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Fentin ya zauna, amma zaman baƙo yake yi, kana gani ka san wata rana zai yi sallama. Kuma fuskar ba ta Baba ba ce. Ban san yadda zan gaya wa kowa wannan ba, sai kai.

Ka tuna rigar aikin Baba? Inna takan jiƙa ta daban, ta ce baƙinta ba ya jin sabulu. Akwai baƙin gawayi, wannan yana fita. Akwai kuma wani a hannun rigar da gefen aljihu, mai santsi, mai ɗan ƙyalli. Ina ƙarami nakan goga yatsa a wurin in je in yi zane a bangon zaure, ya fito kamar na fensir, Inna ta biyo ni da mafici. Wata rana ina goge kanta a shago wannan zanen ya faɗo mini a rai. Gawayi ba ya rubutu haka. Me Baba yake shafawa da zai yi rubutu kamar fensir?

Na tambayi waya, ita da ta san komai ban da kunya. Sai ga shi: mutanen jirgin dā ba su cika wahalar da kansu da fenti a wannan wurin ba. Garin baƙin abin nan da ke cikin fensir suke kwaɓawa da mai, su shafa da tsumma. Yaya, na yi dariya ni kaɗai har mai shago ya leƙo. Garin nan yana wurin masu yankan makulli, layi biyu daga inda nake tsaye, shi suke hura wa kwaɗo in ya cije. Man kuwa irin wanda kafintoci ke shafa wa ƙofar katako ne, yana kan kantata, ina sayar da shi kullum. Na zagaye duniya, abin yana bayan ƙeyata.

Na kankare karo na ƙarshe. Na kwaɓa shi kamar kunu mai ɗan kauri. Ba a shafa shi a ƙarfe mai sanyi, sai ya yi ɗumi, kuma shafa ce ta rowa, kamar mai ƙarshen man kitso. Sannan a bar wuta ta yi sauran aikin. Abin da ya fi burge ni ke nan: wutar da ke cinye fenti ita ce ke gasa wannan ta zaunar da shi. Sai dai yana da hali ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, duk da ɓoye aibin kaya sana'ata ce. Ba ya dawwama. Ana tafiya yana raguwa. In aka hura wuta yau, gobe sai an dawo da tsumma. Babu ranar da za a ce an gama.

Kafin in je wurin Alhaji sai da muka gwada tukunyar, ni da Isuhu, da famfon ruwa kamar yadda kake yi, muka matsa mata fiye da abin da tururi zai matsa mata. Ko gumi ba ta yi ba. Aikinka ne, me za ta yi?

Na same shi bayan la'asar. Akwatin gilashin har an kawo, yana tsakiyar falo, an shimfiɗa karammiskin. Na durƙusa na gaishe shi, na yi godiya, na ce ba zan kawo jirgin ba. Ya dubi akwatin, ya dube ni. Da ya buɗe baki bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Salisu, ka san kaburburan ƙasar nan ba suna. Ni da na sa shi a ciki, yau in ka kai ni ba lalle in nuna maka wurin ba. Wannan ƙarfen shi kaɗai ya rage. In ya fashe a hannunka, me zan nuna wa 'ya'yansa in sun zo Umara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in sun zo ba nuna musu zan yi ba. Ɗora su zan yi a kai."

Ya ce, "Kai fenti ka sani, ba wuta ba. Ga iƙamarka a hannun mutane. Ƙaramin abu ne zai sa a ce halas, an gama, tattara ka koma gida."

Na ce gaskiya ne. Na ce amma mai jirgin ya riga ya faɗi inda za a kai shi ranar da ya daina tafiya, kuma bai ce falo ba.

Ya ce, "To, babu hannuna." Tun daga ranar in na yi masa sallama yana amsawa, don wajibi ne, amma iyakarta ke nan. Ba ya tambaya ta kasuwa. Ba a kira na cin shinkafar Juma'a. Kada ka ɗauka abin bai dame ni ba, Yaya. Mutumin da ya wanke ka ne. Akwai ranakun da na ɗauki waya zan ce masa ya turo mota a ɗauka, sai in tuna da kai a kan bencin nan, gwiwa a kunne, in mai da ita aljihu. Ban ce na fi shi son ka ba. Cewa na yi shi yana tsoron ya rasa ka sau biyu, ni kuma ina ganin in aka rufe jirgin nan a gilashi, an riga an yi na biyun.

Juma'ar da ta wuce muka fita. Isuhu ya aro a-kori-kura, muka loda dogo da benci da jarkar ruwa da buhun gawayi da abin kashe gobara, muka nufi arewa da gari, inda mutanen ƙasar ke fita da iyalansu lokacin sanyi. Na zaɓi wurin da gangan. Duk wanda zai hana ni hura gawayi a can, sai ya fara da masu gasa rago a dama da hagu. Ban gayyaci kowa ba, na dai gaya wa Habu tela a asirce, na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Kafin mu gama jera dogo motoci sun fara tsayawa.

Muka hura wuta a hankali. Ƙarfe ya ɗauki ɗumi, na shafa, na koma gefe. Idon kowa yana kan fuskar jirgi, wasu har sun ɗaga waya, suna jiran ƙosai karo na biyu. Wani siririn hayaƙi ya tashi daga jikin ƙarfen, man yana gasuwa. Sai ƙamshin ya iso ni.

Yaya, rigar Baba ce. Wallahi ita ce. Ƙamshin da ke shigowa zaure kafin shi ya shigo, wanda nake ji in ya ɗauke ni ya ɗora a kafaɗa. Shekara nawa ban san ina riƙe da shi ba. Na tsaya a tsakiyar rairayin ƙasar mutane, da furfura a gemuna, hawaye yana zuba. Isuhu ya gani bai tambaye ni ba, ni ma ban ce hayaƙi ne ya shiga idona ba.

Fuskar ba ta tashi ba, ba ta tsage ba. Ba ta kuma yi baƙin madubi irin na farko ba. Ta yi wani duhu mai ɗan toka-toka, mai ƙyalli a ɓoye, irin na abin da ke aiki. Na goga mata busasshen tsumma, ta ƙara zama. A gefen hagu, kusa da zoben tagulla, koren ya ɗan yi ja-ja, tabon ranar Sallah ne da bai fita duka ba. Ina da fentin da zai rufe shi kafin a ƙifta ido. Ba zan rufe ba.

Na hau benci. Gwiwoyina ba su kai naka naɗuwa ba, amma na hau. Na buɗe masa tururi, ya yi tari sau biyu kamar dattijo zai yi magana, ya ja. Na kama igiyar usur na ja har sai da masu gasa rago suka bar naman suka taho. Wani Balarabe ya zo da 'ya'yansa yana ta "Masha Allah", yana tambaya daga wace ƙasa aka sayo. Na ce ba a sayo ba, wana ne ya ƙera, a Sulay, da Juma'o'insa. Na faɗi sunanka. Ya maimaita, bai iya ba, na sake faɗa masa har ya iya.

Su kuwa mutanenmu, masu gilashi da karammiski, sai ga su a layi. Mai shawarar turare shi ya fara hawa, ya riƙe hula da hannu ɗaya yana ihu kamar an ba shi kujerar Makka. Habu tela ya hau sau uku, na huɗun sai da aka janye shi. Kafin mu dawo gari hotuna sun cika waya: "Jirginmu na 'yan Zariya a Riyad." "Jirginmu ya tashi." Har da wanda ya rubuta cewa da ma shi ya san za a yi nasara. Na danna masa alamar yabo, ai ba a jayayya da mai saye.

Alhaji Mudi bai zo ba. An ce an nuna masa a waya, wai ya ce a maimaita masa wurin usur ɗin, sannan ya miƙa wa mai ita wayar. Ban sani ba ko gaskiya ne, ban kuma je tambaya ba. Zan ci gaba da yi masa sallama har ranar da zai ƙara da "ya kasuwa". In bai ƙara ba, Allah ya saka masa da alheri a kan abin da ya yi maka, wannan ba ya goguwa.

Yanzu jirginka yana ɗakina. Mun hau da shi bene, ni da Isuhu, muna hutawa a kowane kwana, maƙwabta suna ba mu shawara ba wanda ya kama. Ya cinye rabin wurin katifata, ina kwana a lanƙwashe. Abokan ɗakina sun ce kayansu duk sun koma warin mai. Na ce su gode Allah, wasu sai sun saya. In na farka da asuba, kafin in kai hannu ga fitila, shi nake fara taɓawa. Sanyi ƙalau yake, amma sanyin abin da ya san zai sake yin zafi ne.

Ka ce fenti nawa ne. To ga abin da na iya, Yayana. Ban samo maka wanda wuta ba ta ci ba, babu shi, ko a shagonmu, ko me na taɓa rantsewa a kai. Na dai samo wanda ake sabuntawa, kuma muddin ina da hannu zan sabunta.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sa ka huta. Allah ya haɗa ka da Baba da Inna a inuwar da ba zafi. Allah ya raya abin da ka bari a gida, ya kawo su su hau. Allah ya sanyaya zuciyar Alhaji Mudi, ya ƙara wa Isuhu ƙarfin baya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Ƙaninka mai kewarka,
Salisu na Batha.

Af, na kusa mantawa. Juma'a mai zuwa ba hawa, ranar kwasar toka ce da wanke bututu da shafa, aikin da ke baƙanta farce har mako ya zagayo. Na yanka tsohuwar rigata gida-gida, tsumma ya wadata. Kai da ka fi ni sanin mutanenmu, cikin masu "jirginmu" ɗin nan, wa kake ganin zan ajiye wa ɗaya?